Inda Sharar Akara Ke Kwana

Tun muna Aflao, kan iyakar Togo da Ghana, Kawu ya kira ni a waya ya ce kada in kuskura in ce wa direba ya kai ni Agbogbloshie. "Kasuwar da kake ji a bakin babanka ta tashi, ɗana. Ka sauka a Sakul, babbar mahadar titunan nan ta cikin birni, ka tsaya inda kake, ina nan tafe."

Fiye da shekara ashirin ke nan mahaifina yana ɗora wa Kawu albasa daga gabashin Sakkwato zuwa Akara, birnin da tsofaffinmu har gobe Ankara suke ce masa. Ni nake riƙe da littafin lissafi. A 'yan shekarun nan layin da muke rubuta buhunan da suka lalace sai tsawo yake ƙarawa, kuɗin da ke dawowa gida kuma suna raguwa. Baba bai taɓa zargin surukinsa ba ko da wasa, amma ya ce gani ya kori ji, in je in ga inda albasarmu ke mutuwa. Na taso a watan Yuni, tsakiyar daminar can, na bi ta Legas da Kwatano da Lome. Ba zan tsaya kan labarin hanya ba, duk wanda ya taɓa bin ta ya san yawan shingayenta.

Kawu a Sabon Zango yake zaune, unguwar da Malam Bako ya kafa a farkon ƙarni na 20. Da dare ya yi na ji kamar ban bar gida ba: kiran salla ta ko'ina, mai koko da ƙosai a bakin lungu, yara na faɗa da Hausa irin tasu wadda ba ta bambanta mace da namiji. Daga ƙofar gidan ya nuna mini gabas da sandarsa, ya ce da can da ƙafa yake zuwa kasuwa bayan sallar asuba, ya dawo gida cin abincin rana. Yanzu kuwa sai mu kwanta da wuri, don ƙarfe huɗu za mu tashi.

Haka kuwa aka yi. Muka shiga trotro, wato ƙananan bas ɗinsu na haya, muka kama hanyar Nsawam. Muka wuce Achimota, muka bi ta gadar Pokuase mai hawa huɗu da aka buɗe a Yulin 2021, muka shiga cunkoso da taɓo inda ake aikin titi, muka wuce Amasaman. Sai da gari ya waye tangaran sannan muka isa Adjen Kotoku, tafiyar wajen kilomita 30 daga tsakiyar birni. Nan ne sabuwar kasuwar albasa.

Motarmu ta riga ni isowa da kwana biyu, ranar ake sauke ta. Na tsaya a gindin tirela ina ƙirga. Buhunan algarara ne, da yawansu da tambarin hukumar koko ta Ghana a jiki, sun yi yawo har gonakinmu sun dawo ƙasarsu cike da albasa, kowanne da hular da aka ɗinka masa a baki don ya ƙara ci. 'Yan dako biyu ke ɗora wa na uku a ka, shi kuma ya tafi da sassarfa ya jibge a rumfa. Tun kafin a farke buhu hanci ke gaya maka labari. Wanda gindinsa ya jiƙe ya yi baƙi, an san ciki ya fara ruwa. Mata suna zaune a kan kujeru 'yan tsugunne, an zazzage musu a gaba, suna tsincewa da hannu: mai ƙarfi nan, wadda ta fara laushi can, ruɓaɓɓiya a kwando. Wata dattijuwa ta ɗauki guda, ta danna wuyanta da babban yatsa, ruwa ya fito. Ta miƙo mini ba ta ce komai ba. Albasar da ta yi wata uku a rudu cikin busasshiyar iskar gida, kwana kaɗan take yi a laimar bakin teku ta sallama.

Na bi yaron da ke ɗaukar kwandunan don in ga inda yake kai su. A bayan rumfuna akwai tuli ya fi ƙuguna tsawo, ƙudaje sun rufe shi, baƙin ruwa na tsiyaya daga ƙasansa yana bin gangare. Manomi ne ni ɗan manomi, abin da na gani taki ne, taki mai kyau, wanda a gida da sai an yi rububinsa. Amma ya cakuɗe da leda da robar ruwa da igiyar nailan, ba mai iya kai shi gona a haka.

Da rana ta yi, ciniki ya lafa, Kawu ya sa aka kawo mana shinkafa da wake, wanda su ke kira waakye, muka buɗe littafi. Na ce, "Kawu, ku yi mini bayani yadda zan iya mayar wa Baba."

Ya ce albasa ba ta jira. A Agbogbloshie mota na tsayawa masu saye sun kewaye ta, domin kasuwar doya na nan, ta tumatir na nan, babbar kasuwar Makola ba nisa, mai gidan abinci za ta zo ta haɗa cefanenta duka a wuri ɗaya, 'yar dako ta ɗaukar mata zuwa tasha. Mota guda takan ƙare cikin kwana biyu ko uku. A nan kuwa sai wadda ta ɗaura niyyar albasa kaɗai, ta biya kuɗin mota zuwa da dawowa, ta ɓata rabin yini a hanya. Ƙananan masu sayen kwano biyu ko uku sun daina zuwa, su ne kuwa masu kwashe mai laushin nan kafin ta ruɓe. Wasu abokan sana'arsa ma ba su yarda sun zo nan ba, sun kama wani wuri ta hanyar Kasoa, kasuwa ta rabu, masu saye suka rabu. Kowane kwana ɗaya da buhu ya ƙara a rumfa, wani abu ya fita daga aljihun manomin Sakkwato ko na Galmi.

Na zaci zai zagi waɗanda suka tashe su. Bai yi ba. Ya ce, "Gaskiya ɗaya ce, ɗana. Can ɗin ma ba wurin zaman mutum ba ne. Tirela sai ta toshe titi yini guda. In an yi ruwa a cikin ƙazanta muke ciniki. Tarin da nake yi da dare, hayaƙin can ne ya bar mini shi. Nan akwai fili, akwai iska. Abin da ya yi mana ciwo shi ne an ɗauko mu an ajiye, ba a ɗauko masu sayenmu ba."

Wannan kasuwa an gina ta shekaru kafin a komo da su, ta zauna ba kowa. Sai a 2021 ministan yankin Akara na lokacin, Henry Quartey, ya sa wa'adin 1 ga Yuli, kuma ranar aka cika. Ina ganin wanda ya zana kasuwar ya yi tunanin rumfa da fili da wurin tsayawar mota, waɗanda duk abubuwa ne masu kyau. Abin da ba ya fitowa a takardar zane shi ne matar nan mai sayen kwano biyu, da kuma inda kwandon ruɓaɓɓiya zai je.

Ranar Laraba na roƙi Kawu ya haɗa ni da ɗansa ya kai ni tsohon wurin. Fili ne fetal, an kewaye shi, ciyawa ta fara cin wani sashe, ƙasar baƙa ƙirin kamar an yi gobara jiya. A nan ne kasuwar 'yan gwangwan take, wadda duniya ta sani da tulin tsofaffin kwamfutoci da talabijin da firji. A 2013 wata cibiyar bincike ta Amurka ta sa Agbogbloshie cikin wurare goma mafi gurɓata a duniya, 'yan jaridar Turai suka yi ta zuwa ɗaukar hoto. Katafila ta share shi rana ɗaya da tashin 'yan albasa.

A gefen filin kogin Odaw yake. Na tsaya kan gada na daɗe ina kallo. Sai ka lura sosai kafin ka gane ruwa ne, domin samansa ya rufe da ledar ruwan sha da robobin lemo da farin kwanon abincin nan na soso, duk suna tafiya a hankali kamar garke. Ƙasa kaɗan yake faɗawa tafkin Korle, daga nan sai teku. A ɗaya gaɓar kuma Tsohuwar Fadama ce, sunanmu ne sak, kuma sunan ya faɗi gaskiyar wurin: ƙasa ce ta ruwa. Ɗakunan katako da kwano manne da juna, mafi yawan mazauna 'yan arewacin Ghana ne, da dama sun zo bayan rikicin ƙabilanci na 1994. Ƙidayar da mazauna suka yi da kansu a 2009 ta samu kusan mutum dubu 80. An cike gefen tafkin da shara da garin katako an yi gini a kai, saboda talakan da ya zo neman abinci a tsakiyar birni ba shi da wani wurin da zai iya biya.

Muna cikin lungunan sai na hango hayaƙi baƙi yana tashi daga bakin ruwa. Samari uku ne, sun tara wayoyin lantarki kamar ƙwallo, sun cinna musu wuta da soson tsohon firji. Ɗaya yana juyawa da dogon ƙarfe, idanunsa jawur, ya ɗaure hanci da tsumma. Roba na narkewa tana ɗiga, jan ƙarfe na fitowa. Da ya huce sai ya watsa masa ruwan leda, ya karkaɗe, ya jefa a buhu. Ya ji Hausa daidai gwargwado, Badagombe ne daga wajen Tamale. Na tambaye shi ko ba an hana ba. Ya ce, "Maigida, an rushe wuri, ba a rushe yunwa ba." Ya ce da can a fili ɗaya suke yi, nesa kaɗan da ɗakuna. Yanzu kowa ya kama lungunsa. Na duba bayansa, taku ashirin bai kai ba, wata mata na shanya kayan jariri.

Wannan hoton bai bar ni ba har yau. Hayaƙin dalma da robar da aka ce an kawar, ga shi ya matso kusa da tabarmar yara. An kashe maciji ba a sare kansa ba. Sana'ar kanta kuwa birni na bukatarta: waɗannan samari da masu tura kura suna bin unguwanni su ne ke kwashe mataccen firji da injin mota da ba wata hukuma da ke zuwa ɗauka, masu gyara su ciri abin da ke da amfani, ƙarfe ya tafi masana'antun Tema a narke. Akwai injin fere waya da ke raba roba da jan ƙarfe ba tare da wuta ba, an ma taɓa kawo irinsa tsohon filin. Yaron ya san da shi. Ya ce siraran wayoyi ba sa shiga, wuta kuma ba ta neman kuɗin lantarki.

Daga nan muka taka zuwa Kantamanto, kasuwar gwanjo, kusa da tsohuwar tashar jirgin ƙasa. Gobara ta cinye mafi yawanta a farkon Janairun 2025, amma na tarar an sake kafa rumfuna, katakon sabo fil, ana ta hada-hada. Mutanen nan suna kiran gwanjo obroni wawu, wai kayan Baturen da ya mutu, don a da ba su yarda mai rai zai rabu da tufafi masu kyau haka ba. Kimanin mutum dubu 30 ke ci a kasuwar. Na ga 'yan mata 'yan arewa, waɗanda ake kira kayayei, kalmar da rabinta kayanmu ne na Hausa, suna ɗauke da dila mai nauyin kilo hamsin da wani abu a ka, wata ma da goyo.

Na tsaya wurin wata mai rumfa lokacin da za ta yanka dila. Ta yi addu'a tukuna, sannan ta sa wuƙa ta tsinke ƙarfen ɗaurin. Ta biya kuɗinta tun ba ta ga abin da ke ciki ba, kuma ba a mayarwa. Ta fara ware su kashi-kashi da sauri irin na wadda ta saba: na farko da za su dawo da uwar kuɗi, na biyu, na uku, sai na ƙarshe da take wurgawa bayanta ba ta ko waiwaya. Riga mai tabon maiƙo, wando da ya yage a tsakiya, rigunan sanyi masu kauri da ba mai sa su a zafin Akara. Nan take na tuna dattijuwar da ke tsince albasarmu. Hannun iri ɗaya ne, asarar ma iri ɗaya.

Wata ƙungiya mai aiki a kasuwar, Or Foundation, ta ƙiyasta cewa tufafi miliyan 15 ke shigowa duk mako, kuma wajen kashi 40 cikin ɗari shara suke zama. Ƙungiyar dillalan gwanjo ta ƙasar ta musanta, ta ce abin bai kai haka ba ko kusa. Kowane ne ya fi gaskiya, na ga abin da ake sharewa da yamma a lungu ɗaya kawai, kuma ya ishe ni. Ga teloli nan ɗaruruwa suna rage manya, suna haɗa biyu su fitar da ɗaya, masu rini da masu guga suna farfaɗo da waɗanda suka koɗe. Ban taɓa ganin wurin da ake ceton tufafi kamar nan ba. Amma kamfanonin da suka ɗinka kayan a can ƙetare sun ci ribarsu sun wuce, mai tattarawa a Ingila ko Amurka ko Sin ya sayar ya karɓi kuɗinsa, ragowar kuma ta zama nauyin ƙaramar hukumar da ba ta da inda za ta zuba. Babban jujin zamani na Kpone, da aka gina da kuɗin Bankin Duniya, ya cika tun kafin lokacin da aka ɗibar masa, ya kama da wuta a Agustan 2019.

Da la'asar muka gangara Jamestown, wajen hasumiyar jiragen ruwa, muka bi gaɓa zuwa inda Korle ke amayarwa a teku. Masunta na gyaran taru a gindin kwale-kwale. Yashin wurin in ka taka sai ka ji yana lotsawa, domin a ƙarƙashinsa tsummoki ne da suka nannaɗe juna suka zama kamar igiyoyi masu kaurin jikin mutum, rabi a binne, rabi igiyar ruwa na wasa da su. Ina cikin dubawa idona ya faɗa kan wani abu ja. Na sunkuya na ja shi. Ragar albasa ce ta nailan, irin ƙananan jajayen buhunan da muke sake zuba kaya a ciki don masu sayen kaɗan. Na duba gaba na ga wata, na ga wata. Na zo ina ƙirga laifin Turawa da na hukuma, sai ga kayan sana'ar gidanmu a hannuna, cike da yashi, da ɗan mataccen kifi maƙale a ciki.

Ranar Juma'a muka yi salla a babban masallacin ƙasa da ke Kanda, wanda Turkawa suka gina, muka wuce Nima gaida 'yar Kawu da ke aure a can. Muna cin tuwo hadari ya haɗo daga gabas. Kafin a ɗauke kwanuka ruwa ya tsuge kamar da bakin ƙwarya. Gidan na kusa da babban lambatun Nima, wanda faɗinsa ya isa mota ta bi ta ciki. Na leƙa ta taga. Cikin minti kaɗan ruwan ya tashi daga idon sawu zuwa fiye da tsayin mutum, ja wur, yana gudu da katifa da kujerar roba da reshen itace. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne mutanen da na gani suna fitowa cikin ruwan saman da bokitai da buhuna, suna juye sharar gidajensu a ciki, su koma da gudu. Har da wata yarinya da ba ta wuce shekara goma ba, an aiko ta.

Raina ya ɓaci, na faɗa a fili. Mijin 'yar Kawu ya ce in bari ruwa ya tsagaita ya kai ni wurin wanda zai ba ni amsa. Maƙwabcinsu ne, tsohon malamin makaranta, ya taɓa zama wakilin unguwa a majalisar ƙaramar hukuma, abin da mu za mu ce kansila. Muka same shi a zaure yana kwarfe ruwa da tsintsiya da faranti.

Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Malam, abin da ka gani ba daidai ba ne, kuma mun sha yin wa'azi a kai a masallatai. Amma zo ka ga lungun nan." Faɗin lungun bai fi in miƙa hannuwana biyu ba. Ya ce wace motar shara ce za ta shiga nan? Sai masu babur mai ƙafa uku, aboboya, su ma a bakin titi suke tsayawa, kuma kowane buhu da kuɗinsa. Su kansu sai sun yi tafiya mai nisa sun bi layi sun biya kafin su sauke, shi ya sa wani in dare ya yi yake juyewa a inda ya samu. Matar da ke ɗaki ɗaya da 'ya'ya biyar, in ta auna kuɗin bola da kuɗin koko, ta ga lambatu na wucewa kyauta a ƙofarta, me kake zato?

Sannan ya shiga yi mini bayanin abin da ban sani ba. Kogin Odaw daga tuddan Akwapim yake tasowa, arewa da birni, ya ratso ƙananan hukumomi da dama kafin ya iso teku, lambatun Nima kuma a wajen Sakul yake shiga cikinsa. Yankin Akara, mai mutum sama da miliyan 5 a ƙidayar 2021, ƙananan hukumomi 29 ne. Nima da Sabon Zango da can duk a ƙarƙashin majalisar birni ɗaya suke, sai a 2018 da 2019 aka yayyanka, kowace ta samu shugabanta da ofishinta da motocinta. An ce don a kawo mulki kusa da jama'a, kuma ta wani fannin ya kawo. To amma ruwa bai san iyaka ba. Wanda ke tudu ya ba da izinin gini a kan hanyar ruwa ya karɓi kuɗin takarda, wanda ke gangare ya kwana yana kwarfa. Kowa ya share gabansa ya tura wa na ƙasa, na ƙarshe shi ne masuncin da na gani shekaranjiya.

Kuɗi kuma fa? Tsarin mulkin 1992 ya ce a ware aƙalla kashi 5 cikin ɗari na kuɗin shigar ƙasa a raba wa ƙananan hukumomi, amma ya ce a zamaninsa sukan yi watanni suna jiran kason da ya kamata ya zo duk wata uku. Harajin gidaje da ya kamata ya riƙe su ba ya taruwa yadda ya dace, saboda gidaje da yawa ba a ma yi musu ƙima ba. Abin da ke shigowa kullum shi ne tikitin kasuwa, daga hannun mai tallan tumatir da mai rumfar gwanjo. Shugaban ƙaramar hukuma kuwa ba jama'a ke zaɓensa ba, shugaban ƙasa ke naɗawa, kashi biyu cikin uku na 'yan majalisar su amince. An yi yunƙurin canza wannan a 2019, har an sa ranar ƙuri'ar raba gardama a Disamba, sai aka soke. Ya ce, "Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Amma in mai ɗakin idonsa na kan wanda ya ba shi kujera, yoyon sai ya jira."

Na gaya masa cewa mu a Najeriya zaɓen shugabannin muke yi, kuma a Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye, amma lambatun garinmu bai fi nasu tsabta ba. Ya gyaɗa kai, ya ci gaba da kwarfarsa, na karɓi farantin na taya shi.

Da za mu koma Sabon Zango muka bi ta Sakul, ruwa ya janye ya bar laka da leda a kan titi har gwiwar taya. Kawu ya nuna mini wani wuri ya yi shiru, sannan ya yi salati. A daren 3 ga Yuni, 2015, ruwa irin na yau ya cika wurin, mutane suka fake a wani gidan mai, man ya malalo a kan ruwa, wuta ta kama. Fiye da mutum 150 suka rasu, aka yi zaman makoki na kwana uku a ƙasar. Bayan nan aka rushe wani sashe na Tsohuwar Fadama don a buɗe wa ruwa hanya, a 2019 kuma Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 200 don gyaran kwarin Odaw. Ana yashe kogin, na ga injinan da idona, na ga tulin yashi da shara da suka kwaso an jibge a gaɓa. Kawu ya ce in aka bar shi a nan har wani ruwan ya zo, komawa yake inda ya fito.

Kwana biyu na ƙarshe a Adjen Kotoku na yi su, muna rufe lissafi. Buhu nawa aka sauke, nawa aka sayar a farashin farko, nawa aka karyar, nawa suka tafi bayan rumfa. Lissafin Kawu ya fita daidai har kobo. Muka kira Baba, na sa wayar a tsakiyarmu. Suka gaisa, suka tambayi iyali, sannan Kawu ya ce shawararsa a daina ɗoro mota cike a lokacin damina, a riƙa haɗa rabi da wani, ko da kuɗin mota zai ƙaru a kan kowane buhu, kuma a ƙara shanya ta sosai kafin a ɗinke. Baba ya ce Allah ya sa haka ya fi alheri.

Bayan an kashe waya na ciro jar ragar nan daga jakata, na wanke ta amma har lokacin da yashi a jikinta, na ajiye a kan littafin. Na gaya wa Kawu inda na tsince ta. Ya juya ta a hannu ya daɗe. Ya ce algarara ta fi, albasa na shan iska a ciki, in ta tsufa kuma ƙasa na cinye ta, amma tana tsada, tana wuyar samu, kuma ba ta zuwa a ƙanana. Mai sayen kwata ba za ta ɗauki babban buhu ba. Na ce ko za a iya cewa duk wadda ta dawo da ragarta a rage mata wani abu. Ya ce shi kaɗai in ya yi, na kusa da shi zai kwashe masa masu saye, sai dai a kai maganar gaban shugabannin kasuwa, kuma taronsu sai bayan wata ya kama. Ya ninke ragar ya sa a aljihun gaban rigarsa, ya ƙwala wa yaron kwando kira ya ce daga yau ruɓaɓɓiyar rumfarsa a zuba ta gefe guda, kada a haɗa da leda, akwai wani mai lambu a Amasaman da ya taɓa tambaya.